Wankan Jegon da Ya Kai Ni Alaska

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna a rumfata ta kasuwar Yendi, mai sayen albasa ɗaya sai masu tambaya su biyo bayanta a jere. In na je Bawku sarin kaya, matan da muke lodi tare sai su ajiye ciniki su kewaye ni, wai in sake ba su labarin garin da ba itace ko ɗaya. Wata ma a cikinsu, Azumi mai tumatir, tana bi tana yaɗawa cewa Abijan kawai na je na dawo. Na kuma lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai wa na gaba. Kwanaki a Gushegu wata ta ba ni labarina ba ta san ni ce ba, har da inda na hau bayan kifi. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko, yadda ya faru.

Sunana Ramatu. A zangon Salaga aka haife ni, aure ya kai ni Yendi, albasa ke kai ni Bawku. Cikin 'ya'yan Mma mu biyu muka rayu, ni da ƙanena Isifu. Shi ne ɗan bokon gidan. Ya gama Tamale ya wuce Kumashi, daga can ya samu tafiya Amurka ƙaro karatu, wai ba zai daɗe ba. Babanmu Malam Salifu ya rasu yana can. Ana nan sai muka ji ya zama malamin lissafi a wani ƙauye a Alaska, ƙarshen ƙasar, cikin wasu mutane da ake ce wa Yufik. Sai muka ji ya auri 'yarsu, Lusi. Sai muka ji tana da ciki. Mma ta haɗiye na farko, ta haɗiye na biyu, na ukun ne ya tashe ta tsaye. Ta aika aka kira ni daga Yendi, tana tambaya wa zai yi wa yarinyar nan wankan jego, wa zai dama mata kunun kanwa. Isifu ya ce zai biya kuɗin jirgi in akwai mai zuwa. Mma gwiwoyinta sun ƙi, saboda haka ni ce mai zuwan. Maigidana ya yarda da sauri, har na ɗan ji haushi.

Amma ainihin aiken sai da muka rage mu biyu a ɗaki ta faɗa mini.

"Ki dubo mini shi da idonki. In ɗaure shi aka yi, ki kwance shi. In ba a ɗaure shi ba, ki ce masa uwarsa ta tsufa."

Neman takardu ya sa na san hanyar Ankara kamar hanyar bayan gidanmu. Yau a ce hoto, gobe a ce takardar haihuwa, ni kuwa abin da Mma ta sani shi ne an haife ni shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta. Ina wannan zirga-zirgar Lusi ta haihu, namiji. Aka yanka rago a Salaga, aka raɗa masa Salifu. Kafin biza ta fito yaron ya fara koyon zama. Na ce wa Mma jego ai ya wuce, ta ce wanda ba a yi ba bai wuce ba.

Na ɗaure kaya: gero, kanwa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, soyayyen yajin shito, kilishi, goro da zannuwa. Daga Salaga muka gangara Makango muka shiga jirgin fito zuwa Yeji. A tsakiyar ruwan na tuna Isifu yana yaro, in za mu ƙetare nan sai ya kwanta a ƙasan lore ya rufe ido, ba ya buɗewa sai ya ji taya ta taka ƙasa. A Yeji na sayi bandar kifi kwando guda, manya-manya, don Mma ta ce ba a shiga gidan surukai hannu rabbana. Duk cikin saƙonnin Isifu sanyi kawai yake faɗa mana. Bai taɓa gaya mana sana'ar mutanen ba.

Babban jirgin saman da na hau a Ankara ba ni da abin faɗa a kansa, don barci na yi ta yi. A Niyok ne aka fara. Ina tsaye a layin kwastan sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gindin jakata. Mu dai a Yendi in kare ya matso kusa da abinci dutse ake nema. Ban samu dutse ba, na kore shi da gyale. Ashe ma'aikaci ne. Aka ja ni gefe wurin wata mata baƙa, ƙatuwa, sak wata ƙawata ta Tamale. Raina ya yi sanyi, na gaishe ta da Hausa, ta dube ni. Na gwada Dagbanci, na gwada Tuwi, ba ko ɗaya. Ta buɗe jaka ta ɗauke kilishin ta jefa a kwandon shara a kan idona, wai nama ba ya shiga. Da ta kai ga kanwa sai fuskarta ta canza, ta kira wasu maza biyu, suka tsaya suna jujjuya farin dunƙulen suna kallona. Na gane abin da suke zato. Na ɓalli ɗan kaɗan na lasa a gabansu, na tattaro ɗan Turancin da na tsira da shi daga makaranta na ce musu na mai jego ne. Suka tafi da shi wani ɗaki, suka daɗe, suka dawo mini da shi. Saura ƙullin daddawa. Matar ta kwance leda ta farko, ta kwance ta biyu, ta sa hanci. Ta ja da baya, ta ɗaure da sauri ta mayar, ta nuna mini ƙofa. Ko kwandon kifin ba ta duba ba.

Daga jirgi zuwa jirgi ma'aikata suka yi ta miƙa ni kamar saƙo, har wani gari wai shi Ankorej. Can Isifu ya tare ni. Tun daga Salaga nake shirya faɗan da zan yi masa, amma da na ga furfura a gemunsa, ya durƙusa a tsakiyar Turawa yana cewa sannu da zuwa Yaya, sai kuka ya zo mini. Faɗan ya bi ruwa.

Na ɗauka mun iso. Ya ce saura jirgi biyu. Na ƙarshen, wanda muka shiga a Betel, bai kai motar hayar Bawku zuwa Garu girma ba, kuma direban wani matashin Bature ne da ba zai girmi ɗana na fari ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambayi nauyina. Na ce wa Isifu wannan wane irin rashin kunya ne. Ya ce dole ne, kowa sai ya faɗa. Na faɗa, amma na ɗan rage, kamar yadda kowace mace za ta yi. Isifu ya sunkuyo ya ce da Hausa, "Yaya, faɗi gaskiya. In kin rage, faɗowa za mu yi." Nan take na faɗi gaskiya har na ɗora ƙari. Direban ya zaunar da ni a gefe ɗaya, ya jera katan-katan na lemo da injin kwalekwale a ɗaya gefen, ya ja baya ya duba ya ga mun yi daidai.

Ta taga ƙasar kamar rariya take, ruwa da tudu, ruwa da tudu, ba hanya, ba gona, ba itace. Ƙauyen yana bakin teku, gidajen katako ne a kan dogayen ƙafafu, hanyoyinsu ma katako ne aka shimfiɗa a kan laka. Sunansa kada ku tambaye ni, daga maƙogwaro ake fito da shi, na gwada har na yi tari.

A filin sauka Lusi ta tare mu da yaron cikin bayan rigarta, doguwar riga mai furanni da hula a haɗe. Ta ce, "Sannu, Yaya," da Hausar da mijinta ya koya mata, na ji ta shiga raina tun a nan. Kusa da ita wata 'yar tsohuwa ce tsaye, gajeriya, fuskarta duk tamoji. Ita ce uwar Lusi, Marta. Na durƙusa har ƙasa yadda ake wa surukai a Yendi na fara jero gaisuwa, Isifu yana fassarawa: ina gajiya, ina gida, ina sanyi, ina mai jego, ina yara. Ina jiran in ji ko da irin "naa" ɗin Dagomba. Tsohuwa ta ɗaga gira. Na ƙara wata gaisuwar, ta sake ɗaga gira. Gwiwata ta jiƙe a banza. Sai a hanya Isifu ya gaya mini ɗaga gira a wurinsu shi ne i, yamutsa hanci shi ne a'a, kuma jera wa babba tambayoyi rashin ladabi ne. Na ce to ai da an faɗa mini kafin in durƙusa.

Kwanakin farko na tabbata ba sa so na. Mata su turo ƙofa ba sallama, su zauna, a ba su shayi su sha, su dubi bango, su dube ni, su tashi su fita. Ba wadda ta ce uffan. Na tambayi Lusi laifin da na yi. Ta yi mamaki, ta ce ai sannu da zuwa suka zo yi mini, kuma sun ce hirar ta yi daɗi.

Masaukin ba laifi, sai abu ɗaya. Ƙasar can daskararriya ce, ba a haƙa masai, bokiti ne a bayan labule, a cikin gidan, mutane na zaune suna shan shayi. Sai da na koyi jira har kowa ya fita. Sallah ma ta zo da nata. Ran farko na shimfiɗa darduma na fuskanci inda rana ke fitowa, Isifu ya zo ya juya ni arewa, wai daga nan ta saman duniya ake bi zuwa Makka. Na ce tun da aka haife ni ban taɓa jin Musulmi ya kalli arewa ba. Ya ɗauko ƙwallon taswira ya ja zare ya nuna mini. Na bi shi don shi ne mai karatun, amma ina ɗan karkatawa gabas in ba ya kallo. Ranar kuma ba ta san faɗuwa ba. Lokacin zafinsu ne, sai in zauna jiran magariba ina gyangyaɗi, yara na wasa a waje, ita tana nan a rataye kamar an manta da ita.

Washegarin zuwana na fito da tsaraba. Na ba da zannuwa, na ba da goro, suka ciza suka ajiye da ladabi. Sannan na jawo kwandon kifin Yeji na ajiye gaban Marta ina ji da kaina. Ta leƙa. Ta kama hannuna ta zaga da ni bayan gida. Jama'a, rumfuna ne a jere har bakin ruwa, kowace an rataye mata kifi jajaye a tsage suna shan iska, wani ya kai tsawon hannuna har kafaɗa. Garin gaba ɗaya masunta ne. Maza su kamo, mata su fiɗe da wata wuƙa mai kamar rabin wata, su shanya abin da za a ci har shekara ta zagayo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma tsohuwar ta koma ta ɗauki ɗaya cikin nawa, ta shinshina, ta cinye har kai, ta ce wa Lusi kifin da daɗi, sai dai ga alama ya sha wahala a rayuwarsa.

Abincinsu kifi ne, safe da rana da dare. Suna tsoma shi a man wata dabbar teku mai kama da ayu, mai gashin baki irin na kyanwa. Akwai wani abu da suke ce wa akutak, kitse ne ake bugawa da sukari da 'ya'yan ciyawa kamar magarya, in an so a marmasa kifi a ciki. Na ci don kunya, daga baya na ci don so. Wanda ya gagare ni shi ne kawunan kifi da suke binnewa a rami har su nuna. Ranar da aka tono su na ɗauki yaron na yi bakin teku, na ce iska za mu sha. Don in rama, washegari na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka, na zuba daddawa da hannu biyu. Ƙanen Lusi, Yohana, ya shigo ya tsaya a ƙofa ya juya. Yaran maƙwabta suka watse. Marta kuwa ta bi warin har tukunya, ta ɗanɗana, ta ɗaga gira sau biyu, ta miƙo kwano. Bayan nan na riƙa ganin daddawata tana raguwa. Ashe ɓalla take tana ci da busasshen kifi. A kan daddawa muka fara shiri da ita.

Sai maganar da ta kawo ni. Na tambayi Lusi yadda ta yi jego, ta ce da ta ji ƙarfi ta tashi ta koma aiki. Na ce ban ɗauko kanwa na tsallake kwastan da ita don in mayar ba. Itace babu sai wanda teku ya turo, ganyen darbejiya babu, na tafasa ruwa a kan risho na tsoma tawul. Yarinyar nan ta zauna na gasa ta son raina, ko tsaki ba ta yi ba, ta shanye kunun kanwa har da godiya. Marta na gefe tana kallo. Da na gama ta yi wata 'yar magana, Lusi ta fassara: wai na yi wa 'yarta wanka, gobe su ma za su yi mini nasu.

Suna da wata 'yar bukka ta katako da suke ce wa maki, sai an sunkuya ake shiga, da ɗan ɗakin shan iska kafin a kai ɗakin wutar. A ciki an kwantar da ganga an hura wuta, an jera duwatsu a kai har sun yi ja. Matan suka tuɓe, ni dai na riƙe zanena. Lusi ta ce in zauna kusa da ƙofa tunda baƙuwa ce ni. Na ce ta gaya musu ni Bawku nake sarin albasa, inda rana ke narkar da kwalta a watan bazara, zafi ba baƙona ba ne. Na wuce can ciki na zauna kusa da tsofaffi. Marta ta ɗebo ruwa da gwangwanin da aka kafe a sanda ta zuba a kan duwatsun. Na farko na yi murmushi. Na biyu na ji 'yan kunnena sun zama garwashi, ba wadda ta ce in cire su. Na dubi tsohuwar, tana zaune kamar mai jiran mota, ta sake ɗebo ruwa. Ban san lokacin da na tsallake mata uku da rarrafe ba. Na wuce ɗakin shan iska, na wuce ƙofar waje, na tsinci kaina a kan katakon hanya, zane a hannu, jikina na tururi kamar dambu, karnukan garin duk suka ɗauki haushi.

Da na lallaɓo na dawo, sai na tarar da abin da ban zata ba. Matan nan da ba sa magana suna kwance a ɗakin shan iska suna dariya har da hawaye, kowace na kwaikwayon rarrafena. Daga nan hira ta ɓarke, ta maza, ta 'ya'ya, ta wadda mijinta ya dawo da kwalekwale wayam, kamar ana cin kasuwar Salaga. Ashe duk maganar garin a nan suke ajiye ta. Tun daga ranar duk wadda ta haɗu da ni a hanya sai ta kama kunnenta ta yi murmushi.

Abu ɗaya ya riƙa ci mini rai. Ba mai kiran yaron Salifu. Wani suna suke kiransa, na mijin Marta, wanda teku ya ci kafin a haifi yaron. A al'adarsu jariri yana ɗaukar sunan wanda ya rasu, ya ɗauki danginsa ma. Marta mijinta take ce masa. Yohana, ƙato da shi, sai ya tsuguna gaban jariri yana ba shi labarin injin kwalekwale, wai yana gaya wa babansa. Na ja Isifu gefe na ce yaron nan yana da suna, rago aka yanka masa. Ya ce sunan yana nan, shi ne ma a takarda. Sannan ya tambaye ni, "Ke Yaya, me kike kiransa?" Baba nake ce masa, don ba zan iya kama sunan mahaifina ba. Na ce ai wannan daban. Ya ce to. Har yau ina neman inda bambancin yake in gaya masa.

Da na ga kwanakina sun fara ƙarewa, na isar da saƙon Mma. Ɗauri dai ban ga an ɗaure shi ba, sai na faɗa masa rabin na biyu. Ya ce yana sane. Amma tun da surukinsa ya rasu, shi da Yohana ne ke fita teku, su ke cika rumfar gidan, in ba su cika ta ba a lokacin zafi, hunturu ba ya jin uzuri. In kifi ya ƙare kuma makaranta ta buɗe. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce ya bar uwarsa tana kallon hanya ya zo yana ciyar da uwar wani. Da safe kafin in tashi shi da Yohana sun fita teku.

Wajen azahar hazo ya sauko, fari fat, mai laima, ko gidan maƙwabta ba a gani. Kowane gida akwai rediyon oba-oba, aka yi ta kira. Kwalekwale suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, nasu shiru. Wasu mazan suka juya suka koma nema. Mata suka gangara bakin ruwa, na bi su. Mu a gida da tuni an fara salati da kururuwa, a nan ba mai motsi. Marta ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale, idonta a kan hazon. Lusi ta raɗa mini cewa a nan ta zauna ranar da mijinta bai dawo ba. Na zauna kusa da ita ina jan carbi, ba abin da ke yawo a kaina sai maganar da na faɗa masa, da yadda zan shiga Salaga in kalli Mma. Can na ji hannun tsohuwar a kan nawa. Ta riƙe gam, ba ta dube ni ba. Haka muka zauna har la'asar ta wuce.

Marta ce ta fara jin ƙarar injin. Wani kwalekwale ya fito daga hazon yana jan nasu da igiya, injinsu ne ya mutu igiyar ruwa ta yi waje da su. Na hango Isifu tsaye a baya yana riƙe da sanda, yana gyara wa jirgin hanya hankali kwance, yaron nan da ke rufe ido a fiton Yeji. Na tashi da gudu, na manta ba a sauka daga kan katako. Laka ta haɗiye ni har cinya. Maimakon in tare shi, shi da Yohana ne suka zo suka kama ni hannu bibbiyu suka tumɓuke ni, takalmin roba ɗaya ya zauna a can har abada. Na shirya ba shi haƙuri, abin da ya fito daga bakina shi ne ko ya ci abinci. Ya ce, "Ban ci ba, Yaya." Muka tsaya a nan, mun gane juna.

Da aka natsu a gida, Marta ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta yi mini tambaya. Ta ce 'ya'ya nawa uwarmu take da su a raye. Na nuna mata ni da shi. Sai ta juya ga Isifu ta yi magana mai tsawo, Lusi na fassara mini a hankali.

"Yau rabin yini na jira ka, na ji nauyinsa. Waccan matar shekaru take zaune a nata bakin ruwan. Baɗi da zarar kifi ya bushe, ka ɗauki matarka da mijina ka kai mata su ta gani. Yohana zai ji da sauran. Ka dawo mini da su kafin ruwa ya daskare."

Isifu ya sunkuyar da kai ya ce to. Abin da na tsallake duniya na kasa, tsohuwar ta gama shi a zama ɗaya.

Ana gobe zan taso Marta ta sa na ɗora ƙafata a cinyarta, ta tambaya ko ta Mma ta kai haka. Na ce ta ɗan fi ƙanƙanta. Da safe ta miƙo mini wasu takalma dogaye har ƙwauri, na fatar dabbar nan ta teku, ciki duk gashi, an yi musu ado da jan zare. Ta daɗe tana ɗinka su don kanta, ta rage su a daren. Ta ce in kai wa matar da ta ara mata ɗa. Ni kuma na bar mata sauran daddawar.

A Salaga gidanmu ya cika. Sai da aka watse Mma ta sa na zauna na faɗa mata komai, ban ɓoye ko maganar da na yi wa Isifu ba. Ta ce bakina tun ina yarinya haka yake. Da na faɗi abin da Marta ta ce sai ta goge ido da bakin gyale ta ce ashe matar ta san Allah. Na ciro takalman. Ta jujjuya su, ta shinshina, ta zura ƙafa, suka zauna daram. Na ce mata na ƙanƙara ne, a ajiye a akwati a riƙa nuna wa baƙi. Ta ce da su za ta je tasha tarar jikanta.

Baɗin bai zo ba tukuna, amma duk wanda ya bi ta zangon Salaga bayan la'asar zai ga wata tsohuwa da sanda, gumi na tsiyaya, ƙafafunta cikin gashi har ƙwauri, tana takawa a hankali zuwa tasha ta dawo. Na ce mata za ta dafa ƙafafunta a banza. Ta ce takalman baƙi ne a garin, gara su san hanya tun yanzu.